Yadda Zaka Auna Garin Da Baka Taɓa Takawa Ba Kafin Ka Sayar Da Fili Ka Tafi

Kusan duk sati sai wani ya same ni a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura bayan isha'i ya ja ni gefe yace "Yaya, an samo mani hanyar fita waje, ya kake gani?" In nace wane gari sai yace Kanada, nace to ai Kanada ƙasa ce, wane gari a cikinta, sai yayi shiru yana sosa kai. Ni dai sau uku ina barin Katsina zuwa garin da ban taɓa gani ba, Khartum don karatu, Jidda don aiki, daga baya Kuala Lumpur, sau biyu kuma na haɗa komai fasfo na hannuna na fasa tafiyar, kuma har yau ban yi da na sanin fasawar ba. Ƙannena da 'ya'yan abokai da muka zauna muka yi wanga lissafi tare ban san adadinsu ba. To ga yadda nake yi, kai ma ka zauna kayi naka kafin ka ba kowa ko kwabo.

Kayan da zaka tanada

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Kada kace zaka riƙe a ka ko a waya, wanda ranshi ya riga ya tafi lissafin kanshi ƙarya yake mashi, amma abinda ka rubuta da hannunka ranar Litinin zai kalle ka ranar Juma'a.

Waya mai data da WhatsApp da Google Maps da YouTube. In wayarka ƙarama ce ka ari ta wani ko ka shiga shagon kwamfuta na awa biyu, ya isa.

Fasfo, in kana da shi. In babu ba komai, lissafin nan baya buƙatarshi, amma tun yanzu ka duba NIN ɗinka, don Hukumar Shige da Fice da shi take aiki, kuma in sunanka ko ranar haihuwarka na NIN sun saɓa da na takardun makarantarka to gyaran kaɗai zai iya cin watanni. Akwai fasfo na shekara 5 akwai na shekara 10, ƙasashe da yawa kuma basa karɓar wanda ya rage mashi ƙasa da wata 6.

Mutum uku da suka san garin, zan faɗi irinsu a ƙasa. Sai mutum ɗaya a gida wanda baya jin nauyin ce maka a'a, kawu ne ko malaminka ko wani aboki mai tsaurin ido. Sai lokaci, aƙalla sati huɗu. Duk wanda yace maka "gurbin zai rufe jibi ka turo kuɗi yau" ka barshi ya rufe.

Mataki na 1: Rubuta dalilinka a layi ɗaya

A shafin farko ka rubuta sunan garin, ba ƙasar ba, garin, sannan abinda zai kai ka. Digiri na biyu a fanni kaza, aikin walda a kamfani kaza, saro kaya. In abinda ya fito daga bironka shine "na gaji da ƙasar nan" ban ga laifinka ba, kowa ya gaji, amma wannan dalilin barin Katsina ne, baya gaya maka inda ya kamata ka nufa. Sai ka tambayi kanka, in yau aka bani aiki mai irin wannan kuɗin a Kano ko Abuja zan zauna? In amsar eh ce to kuɗi kake nema, sai mu auna garin da ma'aunin kuɗi kawai, ka daina kallon hotunan dogayen gine-gine.

Mataki na 2: Wace takarda ce zata zaunar da kai

Nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a nan. Shiga ƙasa daban, zama a cikinta daban, samun izinin aiki kuma wani abu ne na uku. Ka tambayi mai yi maka hanyar sunan bizar takamaimai, sannan ka shiga shafin ofishin jakadancin ƙasar ko na hukumar shige da ficensu da kanka ka karanta abinda wannan bizar ta halatta. In baka jin Turanci ko Larabci sosai ka samu wanda bashi da ko sisi a cikin harkar ya karanta maka, ba ejan ɗin ba, ba ɗan'uwan ejan ɗin ba.

Misali Saudiyya da muka fi sani. Bizar umra ta ibada ce, bata ba ka izinin aiki, in ta ƙare ka zauna ka zama ɗan tukari, kullum cikin ɓuya, asibiti ma da tsoro kake zuwa, ranar da aka kama ka kuma sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za'a mayar ƙasarsu, sai jirgi. Bizar aiki ta gaske tana da kafili, wato mai ɗaukarka aiki da ya tsaya maka, in ka sauka ayi maka igama, wato katin izinin zama, kuma sana'ar da aka rubuta a igamar ita ce sana'arka a idon hukuma. A 2021 sun sassauta dokar canza wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, kuma yawancin namu ta nan ake kai su. Ni a Jidda abinda aka faɗa mani a baki a nan gida da abinda na tarar a kwantiragin Larabci da na sa wa hannu a gurguje ba ɗaya bane, an ce riyal kaza da ɗaki kyauta, ashe ana cire kuɗin ɗakin daga albashi, wata 8 ina haƙuri don ba wanda ya tilasta ni, ni na sa hannu ban karanta ba. Ka nemi kwantiragi a rubuce kafin ka bar gida, albashi, awannin aiki, wa zai biya tikitin dawowa, kuma kada ka yarda fasfo ɗinka ya kwana a durowar wani.

In Turai ce ko Amurka ta Arewa, to ka sani dokokinsu na juyawa kamar iskar damina. Ingila tun Janairun 2024 ta hana mafi yawan ɗalibai zuwa da iyali, a Maris ɗin shekarar ta hana masu aikin kula da tsofaffi suma zuwa da iyali, ɗalibi kuma awa 20 a sati aka yarda yayi aiki lokacin karatu. Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022 sai tsakiyar 2024 aka buɗe. Shi yasa labarin wanda ya tafi shekara huɗu da suka wuce, ko da gaskiya yake faɗa maka, ƙila hanyar da ya bi an toshe ta. Duk abinda ka karanta ka rubuta ranar da ka karanta a gefe.

In kuma amsar da aka baka itace "ka dai shiga, in ka shiga za'a san yadda za'ayi", ko aka ce ta Agadas za'a bi a tsallaka Libiya, rufe littafin, babu sauran lissafi.

Mataki na 3: Nemo mutum uku, kada ka tsaya kan ɗaya

Da ɗan gari akan ci gari, amma wane ɗan garin? Na farko wanda ya shekara biyar ko fiye a can. Na biyu sabon zuwa da bai cika shekara ba, shi ne bai manta kuɗin da ya kashe da daren da ya kwana yana kuka ba. Na uku, wanda yafi su wuyar samu kuma yafi su amfani, wanda ya je ya dawo. Ka bincika a unguwarku akwai shi, yana nan yana sayar da kayan waya ko yana koyarwa baya son a tada maganar, kaje ka gaishe shi da mutunci ka roƙe shi.

Kada ka tambaye su "ya garin?" don amsar alhamdulillah ce ko da mutum a ƙarƙashin gada yake kwana, mu Hausawa bama tona asirin kanmu. Tambayoyin da nake yi: nawa ka biya haya watan jiya kuma ku nawa ne a ɗakin? Ƙarfe nawa ka fita jiya ƙarfe nawa ka dawo? Wata nawa kayi kafin ka karɓi kuɗin farko? Nawa ka turo gida cikin wata ukun nan? Yaushe rabonka da gida? Da ƙanenka ne uwa ɗaya uba ɗaya zaka ce ya zo? Wannan ta ƙarshen ka saurari shirun da zai yi kafin ya amsa.

Sannan ka roƙi ɗaya cikinsu kuyi kiran bidiyo ranar aiki, ba ranar hutu a gaban wani katafaren kanti ba, ya nuna maka kicin ɗinsu da banɗaki da layin da yake zaune. In ya dinga kawo uzuri har sau uku to ka samu amsa.

In baka san kowa a garin ba, nemi ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta jami'ar garin ko ƙungiyar 'yan Arewa a Facebook, ko ka nemo lambar babban masallacin garin ka tura saƙo, da wuya a rasa Bahaushe ko ɗan Nijar ko ɗan Gana mai jin Hausa. In duk ka bi waɗannan baka samu ko mutum ɗaya ba, rubuta shi da manyan baƙi, don ranar da zazzaɓi ya kada ka haka zaka neme su ka rasa.

Mataki na 4: Lissafin kuɗi, da kuɗinsu ba da naira ba

Babban kuskure shine mutum ya ji albashi ya buga shi a kalkuleta zuwa naira ya ga miliyoyi kanshi ya juye. Ba a Katsina zaka kashe kuɗin ba. Raba shafi biyu, hagu abinda zai shigo bayan an cire haraji, dama abinda zai fita duk wata: haya, wuta da ruwa da gas, kuɗin mota ko jirgin ƙasa, abinci, layin waya, inshorar lafiya, sabunta takarda. Abinda ya rage a ƙasa shi kaɗai zaka mayar naira. Sau da yawa in muka yi haka da yaro sai muga ragowar bata wuce abinda mai shagon provishin a babbar kasuwa yake samu ba, shi kuma yana kwana gidanshi yana cin tuwon matarshi.

Wani shafin daban na kuɗin tashi: fasfo, biza, gwajin asibiti, katin allurar shawara da ake cewa yalo kad, tantance takardun makaranta a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja in ana buƙata, zirga-zirgar Abuja ko Legas don ɗaukar hoton yatsu da kwanan otal, tikiti, kuɗin ajiya na haya wanda a garuruwa da yawa sai ka bada na wata ɗaya ko biyu kafin a baka makulli, kayan sanyi, da abincin wata uku na farko da zaka zauna ba ko sisi mai shigowa. In ka haɗa ka ƙara kashi 30 cikin 100 a kai. Ni ban taɓa tafiyar da lissafina na farko ya isa ba.

In baka samu wanda zai faɗa maka tsadar garin ba akwai dabara: duba kuɗin da gwamnatin ƙasar ke cewa ɗalibi ya nuna kafin a bashi biza. Jamus a ƙarshen 2024 yuro 11,904 take so a kulle a asusu na shekara ɗaya, Kanada a farkon 2024 ta ɗaga nata daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 banda kuɗin makaranta. Wannan shine mafi ƙarancin abinda su da kansu suke ganin mutum ɗaya zai rayu da shi, kuma a manyan birane baya isa. Masu aron kuɗi a zuba a asusu a nuna a cire, kun yaudari ofishin biza amma mai gidan haya fa?

Sai batun canji, ga wanda daga gida za'a dinga turo mashi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyaye da yawa da suka yi lissafin shekara huɗu kuɗin ya ƙare a shekara ɗaya da rabi, yara suka dawo ba takarda. Don haka ka sake buga lissafinka kamar dala ta ninka, in har lokacin zaka iya kai ƙarshe to madalla.

Mataki na 5: Zauna a garin sati ɗaya kana ɗakinka

Wannan nafi jin daɗinshi. Sa sunan garin a manhajar yanayi da ta lokutan sallah a wayarka, kullum da safe ka duba, sannan ka nemo na Janairu da na Yuli. Sanyin hunturun Katsina da muke hura wuta muna rawar ɗari bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba, Winnipeg ta Kanada tana kaiwa 30 ƙasa da sifili. Landan a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ka fita da duhu ka dawo da duhu, a Yuni kuma in azumi ya zagayo can ya haura awa 18. Kuala Lumpur ba sanyi amma gumi da ruwan sama kusan duk shekara, kuma tana gaban Najeriya da awa 7, lokacin da Hajiyata ta idar da isha'i tana son muyi hira ni ƙarfe ukun dare ne a wurina, ban taɓa kawo wannan a lissafi ba sai da na je, kuma ya dame ni fiye da abincin.

Buɗe Google Maps ka sa unguwar da kuɗinka zai iya kama haya, ba tsakiyar gari ba, ka auna tafiya zuwa wurin aiki ko makaranta a motar haya, zuwa masallacin Juma'a, zuwa inda ake sayar da naman halal, zuwa asibiti. A YouTube ka nemi bidiyon masu yawo da ƙafa suna ɗaukar titi ba surutu, sun fi na masu tallar gari gaskiya. Hangen Dala dai ba shiga birni bane, amma gara mai hangen da wanda aka rufe wa ido.

In baka taɓa zama nesa da gida ba ko sau ɗaya, yi gwaji mai araha: tafi Legas ko Fatakwal kayi sati biyu, kada ka sauka cikin 'yan uwa a Agege ko Idi Araba, kama ɗaki inda ba mai jin Hausa, ka dafa da kanka ka wanke da kanka. Wani ƙanen abokina kwana 9 yayi ya dawo yace shi kam a barshi da Daura, kuɗin mota kawai ya yi asara. In kuma garin da kake nufi cikin ECOWAS yake irin Akara ko Dakar ko Abijan, kana da kwana 90 ba biza, to bar duk wannan hasashen ka hau mota kaje ka gani da idonka.

Mataki na 6: Abinda zaka bari a baya

Rubuta sunayen mutanen da ke ci daga hannunka da wanda zai riƙe kowannensu wata 6 na farko. In kana da mata ku zauna ku yanke wa'adi na gaskiya, ita ma tana da haƙƙi, kada ka ce mata "in na daidaita zan ɗauke ki" alhali bizar taka bata yarda da iyali ba. In iyayenka sun tsufa ka tambayi kanka in aka kira ka da asuba kwana nawa zaka yi kafin ka iso, mu da muke jana'iza cikin awanni.

In ma'aikacin gwamnati ne kai nemi hutun karatu ko hutun ba albashi, kada kayi murabus. Fili ko gona in dole sai an sayar a sayar da rabi. Masu tafiya karatu kuma ku tabbatar takardar zata yi aiki a gida, wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, Arewacin Sayifurus da ejan-ejan ke ta tallatawa kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa.

Mataki na 7: Hanyar dawowa

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum cikin azumi, garin da na zauna lafiya lau shekaru ina yawo da dare ba fargaba. Ɗalibanmu da yawa sai a motocin bas aka kwashe su zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a can kafin a samu jirgi. Shekara ɗaya kafin nan haka ta faru da ɗaliban da ke Yukren. Ba wanda zai iya hango irin wannan, abinda zaka iya shine ka san ko akwai ofishin jakadancin Najeriya a ƙasar da garin da yake, ka san jirgi nawa zaka canza kafin ka sauka Kano ko Abuja, kuma ka ware kuɗin tikitin dawowa da dala ka damƙa wa amintacce da sharaɗin ko kai ka kira kana roƙo ba zai baka don biyan haya ba.

Sannan ka rubuta wa'adi: in wata kaza ya cika ban samu kaza ba zan dawo. Ka karanta shi gaban mutum biyu. Abinda ke riƙe mutanenmu shekara goma a wahala ba rashin kuɗin jirgi bane kawai, kunyar majalisa ce, kada ace wane ya dawo hannu rabbana. In tun kafin ka tafi ka faɗa cewa gwaji zaka je na wata 12, dawowar bata zama abin magana.

Mataki na 8: Shawara, istihara, sai biya kaɗan-kaɗan

Yanzu ka ɗauki littafin ka kai wa mutumin nan mai iya ce maka a'a, ka bar mashi ya kwana biyu da shi. Kada ka je kana kare kanka, ka ji inda zai soka. Ka nemi yardar iyaye, kayi istihara da kanka raka'a biyu da addu'arta, ba sai ka biya wani ya kwana ya yi maka mafarki ba, kuma kayi ta kafin ka biya kuɗi, na ga masu yin istihara bayan tikiti na aljihu.

In zuciya ta natsu kan tafiya, ga jerin da nake bi wajen fitar da kuɗi. Fasfo da takardu tukuna. Kuɗin makaranta a tura asusun makarantar kai tsaye bayan ka kira su ko ka tura masu imel ta adireshin da ke shafinsu sun tabbatar da sunanka, ba asusun wani mutum ba. Kuɗin biza a biya inda ofishin jakadancin ya ce. Ejan in dole sai da shi, ya zama mai ofis da rajista wanda ka san gidansu, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, kashi ɗaya cikin uku yanzu sauran sai biza ta fito ka tantance ta a shafin ƙasar. Tikiti bayan biza. Sayar da babur ko barin aiki shine na ƙarshe, ba na farko ba. Masauki kuma kada ka biya hayar shekara kan hoto, kama na sati biyu kaje ka duba da ƙafarka.

Daren tafiya ka ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi da katin allura, ka tura wa imel ɗinka, ka buga kwafi biyu, ɗaya a jakar hannunka ɗaya wurin wanda ka ba ajiyar kuɗin dawowa, tare da lambar mutum ukun nan da adireshin inda zaka kwana daren farko. Littafin kuma ka tafi da shi, in ka cika wata 3 ka buɗe shafin kuɗi ka rubuta ainihin abinda ka kashe a gefen abinda ka zata, ka ɗauki hotonshi ka turo gida don mai bi maka.